Guduma ko injin matsi wajen sa botin ƙarfe a fata?

Guduma da ɗan ƙarfen bugawa ba tsada, amma fa sai hannu ya saba, ka ɗan karkace kaɗan botin ya lanƙwashe ko ya ƙi kamawa, balle a jar fatar akuyar Sakkwato mai laushi da sai ka ninka ta kafin ta riƙe. Injin matsi na hannu kuwa danna ɗaya ya zauna daram, ba ƙara, sai dai kowane girman botin da nasa kan da ake ɗaura wa injin, wanda za ka saya daban, kuɗi ke nan. Ni dai in odarka walat kaɗan ce a sati, riƙe gudumarka, ka dinga bugawa a kan dutse ba tebur mai rawa ba.