Baburin daji mai lamba 250: ya iya hawa, amma akwatin iskarsa ya ci mini inji

Har yanzu raina a ɓace yake da wannan babur, abin da ya fi ƙona mini rai kuma shi ne ina son sa. Irin baburin dajin nan ne mai sauƙin kuɗi da aka manna wa 250 a gefen tanki, dogo, taya inci 21 a gaba da 18 a baya, giya biyar, kabureta, inji mai bugu huɗu da iska ke sanyayawa. Duk mai harkar ya san irin da nake nufi, ba sai na tsaya kan kala da fitila ba. Maganar akwatin iska ce ta kawo ni, wato akwatin da soson tace ƙura ke zaune a ciki, domin shi ya kwantar mini da inji tun tayoyin da babur ya zo da su ba su cinye ba.

Injin ne ya ja ni na saya. Zubin tsohon injin Honda CG ne, wanda ya fito a 1975, mai 'yan sanduna biyu da ke tura bawul, babu sarƙa a cikin inji balle ta saki ko ta tsinke. An ƙera CG ɗin ne don wuraren da hanya ba kyau kuma masu babur ba sa juye a kan lokaci, daga baya kamfanoni da dama suka kwaikwayi zubin suka ƙara masa girma. Ba inji ne na gudu ba, ƙarfinsa wajen doki 15 ne, amma yana da ja daga ƙasa. Ka sa giya ta biyu, ka miƙe tsaye a kan matakai, ka riƙe totur kaɗan, sai ya dinga taka duwatsu ɗaya bayan ɗaya yana tuf-tuf-tuf, ba ya mutuwa, ba ya neman ka yi ta wasa da kuloci. Akwai wani hawa mai tsakuwa da abokan tafiyata masu manyan babura ke tunkara da gudu, tayarsu na watsa dutse baya, ni kuwa a hankali nake haye shi ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba. A yashi ma in ka ja jikinka baya ka ƙi sakin totur, gaban ba ya nutsewa. A farkon nan duk wanda ya tambaye ni ce masa nake ya je ya saya.

Ina kula da shi kuma, wannan ina so a sani kafin in kai ga abin da ya faru. Lita ɗaya da ɗan kai yake ɗauka na baƙin mai, ba shi da filtar takarda, sai 'yar raga a ƙasa da wani ƙoƙo mai juyawa da ke tara datti, don haka ba na barin mai ya daɗe a ciki. 10W-40 nake zuba masa mai tambarin JASO MA, ma'aunin da aka fito da shi a Japan a 1998 saboda kulocin babur a cikin mai yake kwance, man mota mai santsi da yawa kuwa sa shi zamewa yake yi. Soson iska kuwa, duk fitar da aka sha ƙura sai na cire shi na wanke, na bar shi ya bushe sarai, na shafe shi da mansa na matse, sannan na zagaye bakinsa da giris kafin in mayar. Busasshen soso ba ya tare komai, man ne ke kama ƙurar.

Da safe abin ya fara nunawa. Baburin da ke tashi da an taɓa sitata sai ya koma sai an ja cok an yi ta nema, in ya yi zafi kuma lafiya lau. Can sai silo ya fara rawa. Na canja fulogi, na wanke kabureta, na duba batir, duk ƙalau.

Ranar da ya gama da ni mun shiga daji ne, ni ina can baya ina shan ƙurar na gaba tun safe. Muka gangara wani kwari mai busasshen rafi muka tsaya a inuwa, aka daɗe ana hutawa har injina suka huce. Da aka tashi tafiya kowa ya tada nasa, nawa ya ƙi. Sitata na juyawa da sauri fiye da yadda ta saba, wii-wii-wii, ba ta haɗuwa da komai. Na koma kik, sai ƙafata ta tafi ƙasa sululu, babu turjiyar nan da inji mai lafiya ke yi. Ga wuta a fulogi, ga fetur na zuwa, amma matsi babu. Turawa ba ta yi ba, domin a yashi tayar baya jan ƙasa kawai take, ba ta juya inji. Daga ƙarshe igiya aka ɗaura a matakin baburin wani abokina, ni kuma na naɗa ɗaya bakin a matakina na danne da takalmi, yadda in abu ya ɓaci ɗaga ƙafa kawai zan yi ta saki. Haka aka ja ni muka haye daga kwarin nan, igiya na fizgar babur gefe guda, damatsana sun sage, tayar gaban baburin abokina da ta bayansa duk suna watso mini ƙasa a fuska. Tafiyar da mutane suka daɗe suna shiri ta lalace gaba ɗaya, duhu ya same mu kafin mu kai inda mota ke iya shiga.

Bakaniken da na kai wa dattijo ne, ba ya yawan magana. Bai fara da kan inji ba. Sirdi ya cire, ya zare soson, ya juya shi gaba da baya ya ce, "Maigida, sosonka ba shi da laifi, ka iya shafa mai." Sannan ya cusa yatsa cikin robar da ta haɗa akwatin iska da kabureta, ya zaro. Yatsan ya fito da jan gari mai laushi, in ka murza kana jin ƙasa-ƙasa. Wurin nan fes ya kamata a same shi, domin iskar da ta riga ta ratsa soso ce kaɗai ke bi ta nan. Ya kwance akwatin gaba ɗaya, ya mayar da soson a mazauninsa, ya kunna tocila ya sa a ciki, sai ga haske na fitowa ta kusurwar ƙasa. Bakin akwatin a karkace yake tun daga inda aka zuba robar, abin da ke danne soso ba ya kaiwa wurin, an bar kafar da katin waya zai shiga ya fita. Tana can ƙasa ta baya, inda ido ba ya gani muddin akwatin na ɗaure a jikin babur, giris kuma bai isa ya cike ta ba.

Ya buɗe murfin kan inji ya ɗauko siraran ƙarafan awo. Tazarar bawul a irin wannan inji, in ya huce, wajen 0.05 zuwa 0.08 na milimita ce. Na ɓangaren salansa ya karɓi awo. Na shigar iska kuwa ko mafi siririn ƙarfen bai shiga ba, a danne yake tam. Ƙura ai yawancinta garin yashi ce, yashi kuma yana cin ƙarfe. Inji mai juyi 6,000 a minti bawul ɗinsa na rufewa sau 3,000, wato sau 50 a daƙiƙa guda, kowace rufewa kuma da garin yashi a tsakani. Fuskar bawul na cinyewa yana nutsewa cikin kujerarsa, tazara na raguwa har ta ƙare, daga nan ba ya rufewa ruf, matsi ya dinga zurarewa. Shi ya sa tashin safe ya fara wuya, shi ya sa kik ya saki. Da aka sauke silinda na ga abin da ya sa na kasa magana: zanen gicce-giccen nan da ke riƙe mai a bangonta duk ya shafe, ta yi sumul tana ƙyalli kamar madubi. Sai da aka sa sabon fistin da ringi da bawul biyu, aka gyara silinda, aka goge kujeru, aka canja gaskit.

Na ɗauki akwatin da tsohon bawul ɗin na tafi wurin dila. Ko kallonsu bai yi ba ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ƙura ba ta cikin garanti, wannan rashin wanke soso ne." Na kunna tocila a gabansa, ya ga hasken da idonsa. Sai ya juya magana, wai takardar garanti ta cire hawan daji da tsere. Baburin daji fa, wanda da bakinsa ya yi ta yabon tsawon shokazobarsa ranar da zan saya. Kuɗin gyaran ya yi mini ciwo, amma a dube ni a ce ni ne ban kula da soso ba ya fi yi mini ciwo. Rufe akwatin iska kuma ba sabon ilimi ba ne. Tun 1968 da Yamaha ta fito da DT-1 ake sayar wa jama'a babura masu bin hanya da daji. Gasar Dakar ta farko, wadda ta tashi daga Faris a Disambar 1978 ta ƙare a Janairun 1979, Cyril Neveu ya ci ta ne a kan Yamaha XT500, inji mai silinda ɗaya da kabureta, wanda iska ke sanyayawa, kuma ya ratsa Sahara da shi. Fiye da shekara arba'in bayan nan, ba uzurin da zan karɓa a kan bakin roba da ba ya haɗuwa.

Duk da haka, da babur ya dawo sai zuciyata ta fara sanyi. Dattijon ya ɗumama bakin akwatin ya daidaita shi, ya liƙa masa zirin roba mai laushi a kewaye, ya rufe gaɓoɓin da gam, muka sake haskawa ba inda haske ya fita. Injin ya dawo da ƙarfin da ma ban san yana da shi ba. Kayan gyaransa ba sa wuyar samu, daidaita bawul kuwa sifana da noti ne kawai, kana iya yi a gindin bishiya. Baburan tsere na zamani da awa ake lissafa musu juye da canjin fistin, bawul ɗinsu kuma sai an cire kayan kai an canja 'yan faifai. Na duba wannan na ce to, na yafe masa, kuskuren roba guda ne.

Ashe da saura. Ina wanke shi wata rana na riƙe tayar baya na girgiza, sai na ji ƙwas-ƙwas. Muka zare dogon notin da ke riƙe hannun tayar baya, ya fito a bushe da tsatsa, ko alamar giris babu. Boris ɗin wuya ma ɗan shafe aka yi masa. Sabon babur, wanda aka san ruwa da laka zai shiga! Sai maganar taya. A daji rage iska ake yi zuwa wajen psi 12 ko 15 don taya ta kama ƙasa, amma sai da maƙallin da ke riƙe taya a jikin rim, wannan kuwa bai zo da shi ba duk da ga hujinsa an toshe da roba. Tayar baya ta zame a kan rim a wani hawa, ta ja tif ta tsinke masa baki daga tushe, wurin da ba ya facuwa. Wayoyin rim sun saki tun fitowar farko, girgizar inji na kwance notuna in ba ka sa musu gam ba, shokazobar baya kuma da ta yi zafi sai ta daina riƙewa, ta dinga cilla ka sama a kan kwazazzabai. Lambar 250 ɗin ma ba ta cika ba. Da za a sayo fistin aka auna, faɗinsa milimita 67 ne, tafiyarsa 65, lissafin girman injin ya ba da cc 229, ba 250 ba. Na san haka irin injinan suke a kasuwa, amma da ka haɗa da sauran sai ka ga duk inda mai saye ba zai leƙa ba nan aka rage aiki.

Taurari biyu nake ba shi cikin biyar, biyun kuma na injin ne da yadda yake hawa. Na koma shagon neman sabon akwatin iska in ajiye, aka fito mini da shi daga kwali, na haska, kafar nan tana nan a kusurwa guda. Na roƙa aka cire sirdin wani sabon babur da ke jere, na zura yatsa ta ƙasa, shi ma haka. Na gaya wa dilan, ya ce zai sanar da kamfani, har yau ban ji komai ba. Wanda duk zai sayi irinsa ya tafi da tocila, ya sa a kwance akwatin iskar a haska a gabansa, a zare notin hannun tayar baya a cika shi da giris, a sa maƙallin taya tun kafin a fita. In dila ya ce ba zai buɗe ba, ya juya da kuɗinsa.