Asibitin ciki da ke kusa da Asawase a Kumasi

Na kai Baba wannan ƙaramin asibiti ne don a sake duba gyambon cikinsa, duk da ya rantse ba ya jin komai. Da suka zura masa bututu mai kyamara, sai ga gyambon ya dawo a farkon ƙaramin hanji. Likitar ta zauna ta yi mana bayani da Hausa: "Baba, gyambo kan dawo shiru, musamman ga dattijo mai shan diclofenac." Ta hana shi shan wannan maganin ciwon jiki, ta gano H. pylori, ƙwayar cutar da ke haddasa gyambon ciki, ta rubuta omeprazole mai rage tsamin ciki da magungunan kashe ƙwayar na kwana 14, da gwajin bayan gida wata guda bayan ya gama don a tabbatar ƙwayar ta mutu. Layi dai akwai tsawo, kuɗin bututun ma da nauyi, amma ko gobe can zan kai shi.