Matatar ruwa mai kyandir da na saya a Gusau, bayan wata bakwai ina amfani da ita

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tunda mata da yawa sun ga filtar nan a kicin ɗina suna tambaya ko tana aiki, nace bari in faɗi abinda na gani da idona, don kar wata ta kashe kuɗinta tana zaton abinda ba shi ba.

Irin mai hawa biyu ce ta silba, sama akwai kyandir biyu na farin yumɓu, ki zuba ruwa a sama yana ɗiga a hankali zuwa ƙasa, sai ɗan famfo da ake tara kofi. Bata buƙatar wuta ko kaɗan, wanda shi ne ya fara jan hankalina. A kasuwa maigida ya sayo ta farkon damina.

Mu a Tudun Wada ruwa iri biyu muke sha kuma kowanne da matsalarsa. Na famfo daga dam ɗin da ke kan gulbin Sakkwato yake fitowa, idan ya zo da damina wallahi wani lokacin ja yake kamar an dama kunu, musamman bokitin farko bayan ya yi kwanaki bai zo ba. Ƙanen maigida mai aikin famfo ya min bayani cewa idan aka ɗauke ruwa bututu ya zama wayam, to duk inda ya tsage, kuma ga shi da yawa ta cikin kwata suka bi, ƙazanta na samun hanyar shiga, sai ranar da aka sako ruwa ya kwaso ta har gida. Amma fa wannan jan ruwan sabulu na kumfa da shi sosai. Ɗaya kuma na 'yan ga-ruwa ne da suke ɗebowa a bohol ɗin bayan layinmu, fari tas kamar ki wanke ido, amma zartsi gare shi, ki zuba omo ki ƙara kumfa ta mutu nan take, farin kaya ya koma wani dishi-dishi, gashin yarinyata ya yi tauri bayan wanki, hita kuwa cikin sati uku wani farin abu ya daskare mata kamar alli.

A ɓangaren ruwan famfo filtar nan ta burge ni gaskiya. Jan ruwa ya shiga, ya fito garau, babu laka babu warin ƙasa. Sai dai tana da jinkiri, in na cika ta da daddare sai da safe take tara abinda zai ishe mu sha, gida mai mutum bakwai dole a riƙa ƙara mata rana ma. Kuma kyandir ɗin yana toshewa da wuri lokacin damina, duk kwana uku ko huɗu nake cire shi in goge da sabon soso da ruwa zalla, ba a sa mishi sabulu. Daga baya na gane in na bar ruwan ya kwanta a baho da ɗan alimun kafin in zuba, yana kai fiye da sati bai toshe ba. Ki riƙe shi da kyau don yana faɗuwa zai tsage, kuma mai tsaga bashi da amfani ko da ido bai ganin tsagar sosai.

Inda raina ya ɓaci shi ne maganar zartsi. Maigida ya tambayi mai shagon ƙarara, Alhaji tana cire zartsin ruwan bohol? Yace mishi ranka ya daɗe komai tana cirewa. To ba haka bane. Wata bakwai ina zuba ruwan bohol, ɗanɗanonsa na nan, farin abun nan na nan a butar shayi. Abinda ke kawo wannan farin abun da mutuwar kumfa, wanda ake kira nauyin ruwa, sinadaran kalsiyam da magniziyam ne da ruwan ya kwaso daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa, kuma narkewa suka yi a ciki kamar gishiri a miya, kyandir kuwa abinda ke yawo a ruwa yake tarewa. Mai cire su sai irin su injin nan da masu fiya wata ke amfani da shi, yana son wuta kuma yana zubar da ruwa mai yawa. Ma'aunin ruwan sha na Najeriya ya sa iyakar nauyin ruwa a miligiram 150 cikin lita ɗaya, amma hankalina ya kwanta da na san nauyin shi kaɗai ba ya kawo ciwo, ɓarnarsa a sabulu da hita da tufafi take. Farin da ke daskarewa kuwa ruwan lemun tsami nake tafasawa a butar, ya narke.

Abinda yafi damuna da kalmar "komai" ɗin nan, mu 'yan Zamfara mun san me gubar dalma ta yi a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, yara sama da 400 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Wancan daga ƙurar dutsen zinare ne, ba daga famfo ba, amma wani zai iya sayen filtar nan ya kai ƙauye yana ganin ta kare mishi yara daga ruwan da ke kusa da wurin haƙa, alhali yumɓu zalla ba ya cire dalmar da ta narke. Bai kamata mai shago ya faɗi abinda bai tabbatar ba.

Ruwan shan jariri har yanzu tafasawa nake bayan na tace, don kyandir yana rage ƙwayoyin cuta sosai amma ƙananan cikinsu na iya wucewa, ga shi damina lokacin amai da gudawa ce. In matsalarki jan ruwan famfo ce ki saya, kuɗinki bazai tafi banza ba, ki haɗa da kyandir ɗaya na ajiya. In zartsi ne ki bar kuɗinki. Ni yanzu na raba, na famfo ga sha da wankin fararen kaya, na bohol ga wanke-wanke da banɗaki, kuma ranar da famfo ya zo bokiti biyu na farko shuka nake ba.