Juno-106, Polysix ko Poly-800: wanne zai gyaru a Damagaram?

Waɗannan tsofaffin fiyanon lantarki uku na analog, masu fitar da murya da yawa a lokaci guda, duk sun kai shekara 40, don haka babu lafiyayye garau a cikinsu. Abin dubawa kafin ciniki shi ne ciwon kowanne, da ko mai gyaran rediyon unguwarku zai iya da shi.

Roland Juno-106 na 1984 murya shida gare shi, yana kuma da MIDI, wato zai haɗu da kwamfuta. Ciwonsa sananne ne: ƙananan na'urorin tace sauti masu lamba 80017A, waɗanda aka lulluɓe da baƙin ƙaro, su ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Ka sa mai kaya ya kunna shi, a bar shi ya ɗau zafi kamar rabin awa, sannan ka riƙa danna maɓallai ɗaya-ɗaya. In kowane na shida ya yi shiru ko ya yi ƙaraf-ƙaraf, murya guda ta tafi. Wasu kan jiƙa na'urar a asiton, wato ruwan goge fentin farce, su ɓare ƙaron, amma gara a sayo sababbi da ake ƙerawa yanzu a maye gurbinsu. Aikin dalma ne kawai, sai dai yana son hannu mai natsuwa.

Korg Polysix na 1981 ya fi daɗin kunne a wajena, amma batirin da ke riƙe masa sautuka kan tsiyaye ya cinye layukan allon da yake kai. Kada ka biya sai an kwance an nuna maka. In ka ga kore-kore ko farin gari kewaye da batirin, bar musu kayansu, ko da an ce "Alhaji, kawo abin da ke hannunka". Ba shi da MIDI kuma.

Poly-800 na 1983 shi ne mai araha, mara nauyi, yana aiki da batir idan an ɗauke wuta. Matatar sauti ɗaya ce ga duk muryoyinsa takwas, shi ya sa amonsa siriri ne.

Ni Juno zan ɗauka, saboda kayan gyaransa sun fi samuwa. Sai a karanta rubutun bayansa: na Japan wutar 100 yake ci, na Amurka wajen 120, tamu kuwa 220 ce, dole a haɗa da tiransifoma. A ɗinka masa riga kuma, don ƙurar hunturu na kashe madannan jan sautinsa.