Kyamara mai siffar ƙwan lantarki: ta yi amfani, amma a duba wa ke kallo

Wannan kyamarar da ake sayarwa a shagunan kayan waya na Gusau ana murɗa ta ne a mazaunin ƙwai, a haɗa ta da Wi-Fi, sai magidanci ya riƙa ganin gidansa ta waya ko yana Talata Mafara. Hotonta da rana garau yake, da dare kuwa fari da baƙi. Galibinsu nau'in Wi-Fi da ake kira 2.4GHz kaɗai suke kamawa, kuma da an ɗauke wuta ta mutu sai in akwai sola. A 2021 da aka katse layukan sadarwa a Zamfara, irinta ba ta iya aika hoto waya, sai abin da katin ajiya ya riƙe.

Babbar matsalar tana wajen haɗawa. Sau da yawa yaron shago ke buɗe asusun manhajar kyamarar da lambarsa, kuma muddin ba a sauya ba, yana iya leƙa tsakar gidanka duk lokacin da ya so. Tana da makirufo, tana jin hira. Danna maɓallin sake saiti, buɗe asusun da kanka, sa sabuwar kalmar sirri, sannan ka duba jerin waɗanda aka raba wa kallo.

Mu dai shawararmu a kafa ta a zaure ko ƙofar gida. Tsakar gida wurin iyali ne da mata ke sakewa ba mayafi, kuma maƙwabciyar da ta ji ana naɗar maganarta za ta ɗauke ƙafa. A sanar da mutanen gida kafin a kunna.