Wayarin ɗin da ya cinye min wata biyu a gareji

Ranar da aka sauke min kayan a ƙofar garejina a Sheffield, sai da na ɗauki hoto na tura wa ƙanena a Zariya, na ce masa ga motar karan da muke yi muna yara ta girma. Ƙashin mota na bututun ƙarfe, bodin faiba, da kwalaye cike da noti da robobi. Zubin Lotus Seven ne, wadda Colin Chapman, mai kamfanin motoci na Lotus, ya fito da ita a 1957: kujera biyu, ba ƙofa ba rufi, mutum na zaune dab da kwalta. Kamfanin Caterham ne ke da haƙƙin ƙera ta asalin tun 1973, amma farashinta ya fi ƙarfin aljihuna, shi ya sa na nufi ɗaya daga cikin ƙananan kamfanonin nan masu sayar da ƙashi da bodi, kai kuma ka nemo tsohuwar Mazda MX-5 ka farke ta, ka ɗebi inji da giyabos da ƙafa da birki.

Waldarsu tana da kyau, wannan ba zan hana su ba. Abin da ya zaunar da ni rubutu shi ne wayarin.

Tun ranar da na biya kuɗi na rubuta musu ɓaro-ɓaro cewa Mazdar da na saya ta 2002 ce, inji 1.8. Duk mai sana'ar nan ya san cewa daga 2001 injin ya zo da VVT, na'urar da ke sauya lokacin buɗewar bawul gwargwadon gudun inji, kuma tana da nata soket da nata wayoyi zuwa kwamfutar inji. Suka amsa cewa ba damuwa. Na shafe wata bakwai ina aiki bayan tashi daga ofis da ranakun Asabar, na ɗora inji, na haɗa birki, na zo shimfiɗa wayarin, sai ga shi na tsohon inji suka aiko min. Soket ɗin VVT babu shi kwata-kwata. Bakin da ke shiga kwamfutar ma bai zauna ba. Na juya shi sama, na juya shi ƙasa, har ƙarfe ɗayan dare ina zaton ni ne ban gane ba.

Na kira su, aka ce mai kula da ɓangaren lantarki ba ya nan. Na aika saƙo da hotuna, shiru. Na sake kira, aka ce za a neme ni. Mako shida ana wannan yawo da hankali, motar tana kan jak, sanyin Janairu yana ratsa garejin. Da suka ga dama suka amsa, sai cewa suka yi ai da na duba kayana tun ranar da suka iso. Wannan maganar ta fi kuskuren ƙona min rai. Mutumin da bai taɓa haɗa mota ba, ta yaya zai kalli dunƙulen wayoyi a cikin leda ya gane na wane inji ne? Ba don haka na biya su ba? Dole na ɗage ranar da na riga na kama ta gwajin IVA, wanda ba a ba motar da aka haɗa a gida lamba a Birtaniya sai ta ci shi.

Maiɗakina ce ta ce, "Maigida, ka daina cin ranka kai kaɗai, ka je wurin mutanen kulob ɗin nan na masu haɗa mota da kake biyan kuɗin shekara ba ka zuwa." Na je taronsu na wata, a filin ajiye motoci na wata mashaya a bayan gari. Na ce shayi zan sha, ba wanda ya ɗaga gira. Ina gama ba da labari wani dattijo, tsohon ma'aikacin lantarki da ya haɗa irin motar har uku, ya tambaye ni abu ɗaya: ko na zubar da wayarin Mazdar na asali? Yana nan a buhu, saura ƙiris in kai shi bola. Asabar biyu a jere mutumin nan ya zo gidana da mitarsa da zanen wayoyi, ya durƙusa a kan siminti yana bin waya ɗaya bayan ɗaya, ya yanko ɓangaren injin daga tsohon ya haɗa da sabon. Na miƙa masa kuɗi ya ture hannuna. Masar da aka soya masa kawai ya ci, ya nemi ƙari. Da na murɗa makulli injin ya kama, wallahi sai da idona ya kawo ruwa.

Su ne kuma suka yi min gwajin gwaji kafin na gaske. Kulob ɗin yana da irin ƙwallon nan mai faɗin milimita 100 da masu duba mota ke gogawa a jikinta, duk inda ya taɓa dole ya zama ba kaifi. A nan muka gano rabin robobin rufe notin da kamfanin ya sayar min da sunan kayan IVA ba su ma shiga notin ƙafar gaba ba. Wani ya kawo nasa da suka rage. Na ci gwajin a zuwan farko.

Fitata ta farko Snake Pass na hau, hanyar da ta ratsa tsaunuka zuwa Glossop. Injin da ya saba jan motar da ta haura tan ɗaya yanzu kusan rabin nauyin yake ja. Ka taɓa totur ta zabura, ka motsa sitiyari ta bi, kana kallon tayoyin gaba suna hawa da sauka a gabanka. Iska na dukan fuska, salansa na ruri a gefen kunne. A kan hanyar nan na ce a raina na yafe musu, ko tauraro huɗu ne zan ba su in na zo ba su maki.

Na dawo gida na tarar da amsarsu kan kuɗin wayarin. Za su maida min, in ji su, in na aika musu da shi yadda ya zo, ba a taɓa shi ba, kuma kuɗin aikawa a kaina. Wayarin da muka yanka saboda sun yi mako shida ba su kula ni ba! Tauraro biyu na ba su, su ma na mai walda ne.

Yanzu ni ke tsara fitar kulob ta ranar Lahadi, in zaɓi hanya in ƙirga masu zuwa. Wani matashi da ya shigo kwanan nan ya yi odar kayansa daga kamfanin guda kafin mu haɗu. Za a kawo masa ranar Juma'a, ni da dattijon kuma za mu je ranar Asabar, kwalin wayarin za mu fara buɗewa.