Takalmi mai taya uku ko mai taya biyu: wanne ya dace da laimar iska a ƙasar Tahoua?

Wani ƙanenmu da ya shigo ƙungiyarmu ta masu wasan laimar iska kwanan nan ya ce yayansa da ke Faransa ya aiko masa da laimar iska, wato irin wadda iska ke ɗagawa sama ta riƙa jan mai riƙe da igiyoyinta, mai igiya huɗu, mai faɗin murabba'in mita 3, kuma ya yi masa alkawarin takalman taya na shiga daji kafin hunturu ya kama. Yana tambaya, tsakanin wanda tayoyi uku ke jere a ƙarƙashin ƙafa da wanda ke da taya ɗaya a gaba ɗaya a baya, wanne zai ce a sayo masa, kuma yaya zai yi kada wasan ya kai shi gidan mai ɗori.

Ƙanena, ni mai taya biyu zan zaɓar maka, ko da yake shi ma yana da nasa aibin.

Mai taya uku shi ne irin wanda kamfanin Rollerblade ya fito da shi da sunan Coyote a ƙarshen shekarun 1990, kuma kamfanin Powerslide na Jamus yana ƙera masu kama da shi har yanzu. Tayoyinsa na iska ne, galibi masu tsayin milimita 125 ko 150, kuma da yake a kansu ƙafa take zaune, tafin ƙafarka zai yi nisa da ƙasa da fiye da tsayin tayar. Ga mai yawo da ƙarfin ƙafarsa wannan ba wata matsala ba ce, amma laima ba gaba take jan mutum ba, gefe take ja, kai kuma dole ka jingina baya ka dogara da gefen tayoyin don ka yi mata turjiya. Duk yadda ƙafa ta yi sama, haka nauyin wannan turjiya yake taruwa a idon sawu, kamar mai tsaye a kan turmin da aka kifa ana fizgar hannunsa. Abin da ya fi ɗan'uwansa da shi shi ne saurin juyawa, domin gajere ne, kana iya ɗaga ƙafa ka taka kamar mai tafiya, ka kauce wa dutse ko kututture.

Mai taya biyu kuwa ƙafa tana zaune ne a tsakanin tayoyin, kusa da ƙasa, kuma tsawonsa yana hana mutum kifawa gaba idan laima ta yi fizga. Irinsa ne wani Ba'amurke mai suna Bob Childs ya haɗa musamman don wannan wasa, kuma masu irin wannan siffa suna ɗaukar taya mai tsayin inci 8 zuwa 12, wato kimanin santimita 20 zuwa 30. A nan ne ƙasarmu ta raba gardama. Fakon da muke samu a wajen gari ba shimfiɗaɗɗen bakin teku ba ne: wuri mai tauri ne da tsakuwa, sai kwatsam ka faɗa ɗan kwarin da iska ta tara wa rairayi. Ƙaramar taya tana nutsewa a irin wannan wuri ta tsaya cik, laima kuwa ba ta san ka tsaya ba. Na gwada hakan da jikina a kan taya 150: tayar gaba ta shige rairayin da bai fi taki biyu ba, ƙafafuna suka tsaya, ƙirjina ya wuce, na share ƙasa da haɓa da gwiwar hannu, na tashi ina tsintar ƙarangiya a riga. Babbar taya tana haye irin wannan, tana kuma haye sawun kofaton shanu da ya bushe a bakin tabki.

Akwai kuma maganar faci, wadda ba a tunawa da ita sai an shiga daji. Tsidau da ƙayar aduwa ba sa barin tayar iska, kuma tiyub na taya 150 sai an aiko daga waje, alhali mai inci 12 daidai take da ta keken yara, wadda ake samu a kasuwa, kowane mai faci kuma ya san ta. Kowanne aka sayo, a haɗo da tiyub na ajiya da ruwan toshe huji.

Aibin mai taya biyu a gwiwa yake. Dogo ne, ba ya kuma kwancewa daga ƙafa idan an faɗi, saboda haka idan kan tayar ya maƙale jiki ya juya, gwiwa ce take murɗewa. Juyawarsa ma sai da fili mai faɗi. Don haka kada ka yi tsalle da shi, kuma idan ka ga faɗuwa ta zo, ka haɗa ƙafafu wuri ɗaya ka zauna ta gefe, kada ka miƙa hannu ka tare ƙasa, domin ta nan wuyan hannu yake karyewa. Ka kuma faɗa wa yayanka ya nemi mai takalmi mai tauri da ya rufe idon sawu. Akwai irin su Skike na ƙasar Ostiriya da ake ɗaurawa a kan takalmin da kake sawa, an yi su ne don tafiya da sanduna, kuma wanda diddigensa ke ɗagawa bai dace da jan laima ba.

Game da rauni, iska ta fi takalmi laifi. Idan gudunta ya ninka biyu, ƙarfin da take jan laima da shi yana ninka huɗu, kuma iskar hunturu da ke zuwa daga arewa maso gabas tana da bugu-bugu, musamman da hantsi. Laimar mita 3 da ke yi maka ladabi a iska mai gudun kilomita 15 a awa tana iya ɗaga ka idan ta kai 30. Guguwar bazara da iskar da ke gaban hadari kuwa, da ka hango su sai ka sauke laima. Ka yi makonni kana tuƙa ta da ƙafa a ƙasa kafin ka sa taya, har sai hannunka ya saba da sakin mariƙan laimar ba tare da tunani ba, igiyar tsaro da ke wuyan hannunka ta ja igiyoyin birki laimar ta faɗi. Hular kwano da kariyar gwiwa da ta gwiwar hannu ba a barinsu gida ko da zafi ake yi.

Igiyoyin laima sukan kai mita 20 zuwa 25, don haka ka bar aƙalla ninki biyu na wannan fili babu kowa ta gefen da iska ta nufa, nesa da wayoyin lantarki da titi da filin jirgi da garken dabbobi. Kafin ka ɗaura takalmi, ka taka filin da ƙafa daga farko zuwa ƙarshe ka gane inda rairayi yake, kuma ka tafi da wanda zai hana yara shiga ƙarƙashin igiya, domin da laima ta tashi za ka gan su sun cika wurin.